Shafin da Man Shanu Ya Cinye

Kaya daga Guangzhou suke tafiya Kano, ba sa dawowa. Abin da ke zo mana daga gida bai wuce kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa ba, sai kilishi idan wanda ya ɗauko saƙon mai tsoron Allah ne bai buɗe shi a jirgi ba. Don haka ranar da wani ɗan kasuwa ya miƙo mini jakar da yayata ta aiko, miyar kuka kawai nake hange. Ina buɗewa na tarar da gorar man shanu an naɗe ta da wasu tsofaffin takardu, an ɗaure da tsumma, wai don kada ta fashe. Ta kuwa tsiyaya. Na warware takardun ina tsaki, sai na ga littattafaina ne na zamanin sakandare.

Nan take na kira ta, ban ko duba ƙarfe nawa ne a can ba. Na ce, «Yaya, duk jaridun duniya sun ƙare ne sai littattafaina?» Ta ce a akwatin marigayiya mahaifiyarmu ta tsince su, gara ta fara yi musu ɗanɗano, in gode mata ma da ba ta kunna wuta da su ba. Haka yayata take, ko ta taka ka sai ka ba ta haƙuri.

Littattafan 'yan sirara ne, irin waɗanda muke haya a wurin wani mai tebur a bakin titinmu, in wanda ka ɗauka ya shiga ranka ka yi ta naci har ya sayar maka. Labarin wasu 'yan mata uku ne a makarantar kwana, masu shisshigi, waɗanda ba a ɓatar da ko cokali a garin ba su gano inda ya shiga ba. Babbarsu mai shiru ce, ita ke warware komai a shafin ƙarshe bayan sauran biyun sun gama shirme. Injin da aka buga su da shi ba shi da haruffa masu ƙugiya, sai mu masu karatu muke bi da biro muna sa wa kowane «ka» da «da» da «ba» tasa ƙugiyar. Na ga tawadar hannuna a ciki, ta koma ruwan toka. Na so littattafan nan ƙwarai, kuma har gobe ina ganin girman wanda ya rubuta su, don bai taɓa raina hankalin yarinya ba. Duk abin da za ka bukata ka gano mai laifi yana ajiye maka shi a fili, in ka kasa gani laifinka ne.

A lokacin ina cikin wata damuwa da ban iya faɗa wa kowa ba. 'Ya'yana biyu ne, duk mata. Babbar, tana goye muka zo garin nan, lokacin da babansu ya buɗe ofishin kago, wato na aika kaya, a unguwar Xiaobei, ni kuma na fara sayen kayan sawa a kasuwar Shisanhang ina aika wa mata a gida. Ita ce ta fari, kuma ni a hannun kakata na tashi, mace ce da ta mutu ba ta taɓa furta sunan ɗanta na fari ba. Na san matan yanzu da yawa sun yar da wannan, har hoton ɗan fari suke sawa a waya. Ni dai bakina ba ya iyawa. Ƙaramar ina kiran sunanta har maƙwabta su gaji, ina rungume ta, ina yi mata kitso muna faɗa. Babbar kuwa sai «ke», sai «yarinyar nan». A gida ba wanda zai ga abin magana a nan, don akwai kaka da gwaggo da inna da za su yi ta lele da ita a madadina, kuma za ta ga ana yi wa ɗan farin kowane gida haka. A hawa na sama a wani bene na Guangzhou babu kaka, babu gwaggo. Abin da take gani shi ne iyaye mata Sinawa a ƙofar makaranta suna ƙwala wa 'ya'yansu kira da «bawbei», wato abar ƙaunata, suna goge musu gumi.

Babanta ne ya faɗa mini, muna cin abincin rana a ofishinsa. Ya ce yayarsa ta sake tayar da maganar a ba ta yarinyar ta yi sauran karatunta a Kano, kuma wannan karon yarinyar da kanta ta ce tana so.

Ya ce, «Na tambaye ta dalili. Ta ce ai ke ba za ki ma lura ta tafi ba. Wai ko sunanta ba ki son ji a bakinki.»

Na ajiye cokali. Amma me zan ce? Uwar da aka nemi 'yarta ta fari ba ta cewa a'a, ballantana ga dangin miji. Na ce, «Yadda kuka gani.» Ya dube ni, ya san ƙarya nake, ya ce to sai ƙarshen zangon karatu a yi maganar tikiti. Na tashi na koma kasuwa, na huce a kan wani mai ɗaure dila da bai yi mini laifin komai ba.

A wannan hali littattafan suka zo. Na shanya su a baranda don man ya tsane, babbar kuma ta dawo daga makaranta ta tarar da su. Ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu tana yatsina fuska saboda warin daddawa. Hausa tana ji sarai, tana yi, amma ba ta taɓa karanta ta ba sai a saƙon waya. Ta buɗe ta fara karantawa da ƙarfi don ta ba ƙanwarta dariya, sai na ji tana cewa «ta tse», «suka tsi abintsi». Ashe a yadda aka koya musu rubuta Sinanci da harufan boko, harafin «ca», «tsa» ake karanta shi. Na fashe da dariya daga kicin ban shirya ba. Ta haɗe rai. Na ce, «Ke, ta ce ake cewa, ba ta tse ba.» Ta ce, «To su rubuta daidai mana.»

Na ɗauka daga nan an gama. Washegari sai na ga littafin a kan gadonta.

Da fari karatun raini take yi. Ta ce da a nan ne aka sace agogon firinsifal, kafin 'yan matan su sa takalmi an duba kyamara an kama ɓarawon. Ta ce babi guda suka yi suna tafiya a ƙasa don su kai saƙon da waya za ta kai kafin a ƙifta ido. Ta ce wane irin mutum ne zai ɓoye abu a rumbu, kuma mene ne ma rumbu. Babanta take tambaya, ba ni ba, don a kwanakin nan magana tsakaninmu ba ta wuce «an gama abinci» da «to». Wani lokaci ma in na tambaye ta abu sai ta ce mini «meyo», wato babu da Sinanci, kamar ni ce mai ciniki ita ce mai shago da ba ta da kayan. Amma ina lura. Tana raina littafin tana juya shafi. Ta gama na farko ta ɗauki na biyu, kuma a na biyun ta gano ɓarawon tun kafin mai shirun nan ta gano, ta fito falo tana tafiya kamar wadda ta ci jarrabawa. Ta fara ɗaukar hoton shafuka tana tura wa wata ƙawarta 'yar Gana da suke aji ɗaya, suna gardama a waya rabi da Hausa rabi da Sinanci. Masu cewa yaran yanzu ba za su kalli irin waɗannan littattafan ba, ni dai a gidana na ga yarinyar da waya ba ta barin hannunta ta bar ta a caji har ta cika ta manta da ita.

Na ukun ne ya kafe ta. Shi ne wanda ya fi kusa da bakin gorar, man ya ratsa shafinsa na ƙarshe har takardar ta zama kamar leda, rubutun gaba da na baya suka haɗu ba a iya raba su. Labarinsa kuwa ina tune da shi tsaf. Wata mata ce ta zo makarantar da mota, ta ce ita ce mahaifiyar wata 'yar aji ɗaya da ta tashi a hannun kakarta, ta zo ɗaukarta don kakar ba lafiya. Ta yi ta kiran sunan yarinyar a gaban firinsifal, tana rungume ta tana kuka tana cewa 'yarta ce ta fari, rabin ranta. Kowa ya yarda, har an ɗauko akwati. Sai mai shirun nan ta raɗa wa maigadi ya rufe ƙofa, ta ce wannan ba uwarta ba ce. Can kuma sai ga wata matar ta iso a ƙasa, takalminta ƙafa ɗaya daban ɗayar daban, ta tsaya daga bakin ƙofa ba ta ko dubi inda yarinyar take ba, ta ce, «An ce an zo ɗaukar yarinyar nan.» Daga nan man shanu ya karɓi labarin.

Babbar tawa ta ɗaga shafin ga hasken taga, ta haska shi da fitilar waya, ta ɗauki hotonsa ta buɗa, ba abin da ya fito. Ita a lissafinta ta biyun ce maƙaryaciya, don ga ta a sanyaye, ko sunan yarinyar ba ta sani ba. Amma ta riga ta san mai shirun ba ta kuskure, kuma ta san marubucin ba ya ha'inci. Ta tambayi babanta, ya ce shi bai taɓa karanta littattafan mata ba. Ina jin su daga ɗaki. Amsar tana bakina, kuma ita ce abu ɗaya a duniya da ba zan iya zaunar da ita in yi mata bayaninsa ba. In na faɗa mata yadda aka gane uwar gaskiya, ai na faɗa mata komai ke nan da bakina.

Ba ta tambaye ni ba, ita ma tana da nata taurin kan, kuma na san inda ta gado shi. Ta koma farkon littafin ta sake bi a hankali.

Ranar wata Juma'a da ba su da makaranta, muka je Masallacin Huaisheng tare da babbar. Bayan an idar muka biya wani gidan abinci na Musulman Sin a Xiaobei da wasu mata, cikinsu har da wata Hajiya 'yar Maraɗi da ke zuwa sayen kaya, mun saba da ita sosai. Tun safe ranar Hajiyar nan ta wahalar da mu a Shisanhang. Ta gama sayen kayan kasuwarta tun tuni, amma ta nace sai ta samo wata rigar sanyi ta maza guda ɗaya tak, kala kaza, girma kaza, mai aljihu a ciki. Duk shagon da muka shiga sai a ce «meyo», ba sa sayar da ɗaya, ita kuma ta ƙi haƙura har sai da ta samu. Muna cikin cin taliya aka kira ta daga gida a waya mai hoto. Ta yi ta jero sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, wannan ta yi masa faɗa, waccan ta tambaye ta lakwal, wato makaranta. Da za ta kashe sai ta kawar da kai daga wayar, ta ce a ciki-ciki, «Shi wancan yana nan lahiya?»

Na ga yarinyar ta ajiye sandunan cin abincinta.

Ta ce, «Hajiya, wane ne wancan?»

Matan suka kwashe da dariya. Hajiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce, «Ke ɗiyar ga, mi ya kai ki nan?»

Wata 'yar Kano da ke gefe ta ce, «Babban ɗanta ne. Shi aka yi ta yawo da mu ana nema wa riga.»

Yarinyar ta ce, «Yaya sunansa?»

Hajiya ta ce, «Tambayi uwakki naki sunan. In ta hwaɗa miki, ni ma sai in hwaɗi nashi.»

Aka sake yin dariya aka wuce maganar, aka koma kan tsadar kwantena. Ni na duƙufa a kan kwanona kamar an ce za a ƙwace. Ita ba ta yi dariya ba. Muna isa gida ta shiga ɗaki, na ji ƙarar takarda.

Da safen Asabar ta ce za ta raka ni kasuwa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Akwai wata Basiniya mai shagon dogayen riguna da na daɗe ina ciniki da ita, lawban muke ce mata kamar yadda ake ce wa kowane mai shago. Sinancina na kasuwa ne, ba ya wuce nawa, rage, akwai, babu, na gode. Muna shiga yarinyar ta yi wa matar wata doguwar magana da sauri, matar ta yi murmushi ta juyo gare ni ta ce wani abu.

Yarinyar ta ce, «Umma, wai tambayarki take yaya sunana.»

Na ce, «Ba ki da baki ne?»

«Ta ce daga bakinki take so ta ji.»

Na ɗaga wata riga na ce a tambayi lawban ko akwai irinta ruwan goro. Yarinyar ta fassara wani abu, matar ta yi dariya har tana dafa tebur, ta ɗaga mini babban yatsa. Har yau ban san me aka faɗa a kaina ba.

Da muka fito, titin ya cika da masu tura kaya a amalanke suna ihu a ba su hanya, muka raɓe a gindin wani bene muna jiran mai ɗaukar dilarmu. Nan ta juyo ta fuskance ni, ta goya hannu a baya. Na gane tsayuwar, haka mai shirun nan take yi a kowane littafi idan za ta warware magana.

Ta ce, «Umma, na gano shafin da man shanu ya cinye.»

Na ce, «To, malama.»

«Matar farko ta ce 'yarta ce ta fari, kuma ta yi ta kiran sunanta a gaban mutane. Da ta ce 'yar autarta ce, da ta tsira. Ita da kanta ta tona kanta. Marubucin bai yi bayani ba don duk mai karantawa a lokacinku ya sani. Ni kaɗai ce ban sani ba.»

Na ce, «Ga mai dilar can, ko?» Ba shi ba ne.

Ta ce, «Ta biyun kuma takalminta ne shaida. Ba ta tsaya duba abin da ta zura a ƙafa ba.» Sai ta ƙara da cewa, «Bara da na faɗi a filin wasa aka kira ki, kin zo ba jaka, ba waya, kin bar kayanki a nan kasuwar a buɗe. Kika tsaya a ƙofar ɗakin nas kina kallon bango, kika ce da ni in tashi mu tafi, na faye raki. Na yi kwanaki ina jin haushin rakin nan. Jiya na tuna babu jakar.»

Na ce, «Ban tuna ba.»

«Na sani, Umma.»

Raina ya cika har na rasa inda zan sa idona. Ban taɓa jin alfahari da wani mahaluki kamar yadda na ji da ita a gindin benen nan ba. Ba wanda ya zaunar da ita. Da Hausar da take karanta «ta ce» a «ta tse», da littafin da ya girme ta nesa ba kusa ba, ta bi sawu ita kaɗai har ta iso inda nake tsaye.

Ta ce, «Na faɗa wa Baba ya bar maganar tikitin. Ya ce shi zai san yadda zai yi da Gwaggo.»

Na gyaɗa kai, don in na yi magana muryata za ta ba ni kunya. Sai kuma na ga bai isa ba. Yarinyar nan ba a Kano ta tashi ba, ta yi shekaru tana jira, kuma kakata da nake jin nauyinta ta daɗe a ƙasa. Sunan ma ni na zaɓa, na raɗa wa babanta ranar da aka haife ta. Na ce a raina sau ɗaya dai, a nan inda ba mai jin Hausa. Na dube ta, na buɗe baki, harafin farko har ya hau harshena.

Ta sa tafin hannunta ta rufe mini baki. Idonta ya kawo ruwa amma dariya take.

Ta ce, «A'a, Umma. In kika faɗa, sai in sa maigadi ya rufe ƙofa.»